GARKA DA TSIRRAN GADO A AREWACIN ZAMFARA: WAIWAYE A KAN TARIHINSU A ƘASASHEN ƘAURAN NAMODA DA SHINKAFI DA ZURMI

1.0 Gabatarwa

Masanan da suka rubuta tarihin Zamfara, tun daga Kurt Krieger wanda ya buga littafinsa da Jamusanci a 1959, har zuwa Garba Nadama wanda ya kammala kundinsa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, sun fi mai da hankali ga sarauta da yaƙi da ƙaurar jama'a. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin su ne ginshiƙan da ake ɗora tarihin kowace ƙasa a kansu. Amma akwai wani ɗan fili da ba a cika waiwayarsa ba, wanda sau da yawa faɗinsa bai wuce shimfiɗar 'yan tabarmi ba, watau garka, inda uwargida ke shuka kayan miyarta a bayan ɗaki ko a gefen danga.

Manufar wannan takarda ita ce ta bi diddigin garka da tsirran da ke cikinta a ƙasashen Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, daga ƙarni na 19 zuwa yau. Abin da take son nunawa abu guda ne: duk lokacin da daji ya gagari jama'a shiga, ko saboda yaƙi, ko saboda doka, ko saboda fari, garka ce ke ɗaukar nauyin da daji ya sauke. A zamaninmu daji ya sake gagarar mutane, sai dai a wannan karo ya tarar da garka ta ƙanƙance, masu saninta kuma suna ta raguwa.

2.0 Ƙasar da Kalmominta

Garuruwan nan uku suna cikin yankin da damina ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, sauran shekara kuwa rani ne da bazara. Gulbin Gagare ya bi ta Ƙauran Namoda, gulbin Bunsuru ya bi ta ƙasar Zurmi, suka gangara arewa maso yamma ta wajen Shinkafi, suka zuba ruwansu a gulbin Rima. Saboda haka ƙasar ta kasu biyu: akwai tudu da jigawa inda ake noman gero da dawa da wake, akwai kuma fadama inda ake noman shinkafa da damina, a yi lambu da rani.

Ya kyautu mu bambance kalmomi huɗu tun da wuri. Gandu shi ne babbar gonar gida wadda maigida ke shugabanta, daga cikinta ake cika rumbu. Gayauna ƙaramar gona ce da ake yanka wa mace ko saurayi, amfaninta nasa ne. Lambu shi ne na ban-ruwa a fadama ko bakin rijiya, galibi don sayarwa. Garka kuwa ɗan shingaggen fili ne a cikin gida ko a jikinsa, wanda ke shan ruwan wanke-wanke da tokar murhu da kashin awaki. A wasu wurare akan kira lambun fadama garka, amma a wannan takarda ta gida muke nufi. Gandu ke ba da tuwo, garka ke ba da miya, kuma duk Bahaushe ya san tuwo ba ya wucewa gaya.

3.0 'Yan Gida da Baƙi

In mutum ya tsaya a garka ya dubi abin da ke ciki, zai ga tsirrai iri uku, gwargwadon lokacin da kowanne ya shigo.

Na farko su ne 'yan gida, waɗanda asalinsu na nahiyar Afirka ne. A cikinsu akwai yakuwa, wadda Zamfarawa ke kira sure, da rama, da lalo, da karkashi, da gauta, da gasaya, da shuwaka, da duma, da guna, da wake, da gujiya. Kuɓewa ma, watau guro a bakin mutanen wannan yanki, ta daɗe ƙwarai a tukunyar Bahaushe. A ɓangaren itatuwa akwai kuka, ɗorawa, tsamiya, aduwa, kanya, ɗinya, magarya, kurna, gawo, goruba, giginya, ceɗiya da durumi. Masu tonon kufai sun samo burbushin geron noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali wanda ya haura shekara 4,000, abin da ke nuna daɗewar noma a wannan sashe na duniya, da kuma daɗewar buƙatar abin da za a haɗa da hatsi a ci.

Na biyu su ne baƙin da suka zo ta hanyar fatauci da aikin hajji, daga gabas da arewa. Albasa da tafarnuwa da lemun tsami suna cikinsu. Zogale, wanda mutane da yawa ke ɗauka ɗan gida ne, asalinsa ƙasar Indiya ne, kuma ɗaya daga cikin sunayensa, bagaruwar Makka, yana tona asirin hanyar da ake jin ya biyo.

Na uku su ne waɗanda asalinsu nahiyar Amurka ne, waɗanda ba su iso Afirka ba sai bayan 1492. A nan za mu sami barkono, da tattasai, da tumatir, da kabewa, da gyaɗa, da rogo, da dankali, da masara, da taba, da gwanda, da cin-da-zugu. Wasunsu sun zauna har sun sami sunan gida a kowane kari: barkono ya zama tonka, kabewa ta zama kabushi a bakin Basakkwace da Bazamfare.

Harshe da kansa yana riƙe da wannan tarihi. Sunan masara yana nuni ga Masar. Gwanda kuwa, da can ana ce mata gwandar Masar domin a bambanta ta da gwandar gida. Da tafiya ta yi tafiya sai baƙuwar ta ƙwace sunan, 'yar gida ta koma gwandar daji. Wannan ƙaramin misali ya ƙunshi yawancin abin da za mu faɗa a gaba: baƙo ya shige tsakar gida, ɗan gida ya koma bayan gari.

4.0 Ilmin Tsirrai na Masu Garka

Kada a ɗauka cewa ilmin tsirrai ya fara ne da zuwan makarantar boko. Likitan nan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, sa'an nan a 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunayen da amfanin da ya tattara daga bakin manoma da masu magani da mata ya same su. Masana sun saka masa da sanya sunansa a jikin itacen hano, wanda suke kira Boswellia dalzielii. Waɗanda suka koya masa kuwa sunayensu ba su shiga littafi ba.

Ga kaɗan daga cikin wuraren da sanin gargajiya da na littafi suka haɗu.

Na ɗaya, dangantaka. Duk macen da ta shuka rama da sure da guro ta san furanninsu sun yi kama, kuma sun yi kama da na auduga, wadda a nan ake kira kaɗa. Masana sun sanya su duka a dangi ɗaya, kuma rabon da ake bi a yanzu ya shigar da kuka da rimi da lalo cikin wannan dangi. Ba banza ba ne ke nan miyar kuka da ta guro da ta lalo duk suke da yauƙi. Karkashi kuwa, ko da yake yana da yauƙi, ɗan'uwan riɗi ne, kamar yadda furensa ke nunawa.

Na biyu, jinsi. Manomi ya san akwai giginya mace da giginya namiji, haka dabino, haka gwanda, kuma ya san namijin ba ya 'ya'ya amma in babu shi macen ba ta yi. Duma da kabewa kuwa a jikin yaɗo ɗaya suke fitar da fure namiji da fure mace, ƙudan zuma ke kai garin wannan ga wancan. Furen kuka da dare yake buɗewa, jemagu ne manyan masu yi masa wannan hidima, haka ma ɗorawa.

Na uku, hanyar yaɗo. Akwai itatuwan da ake sarar reshensu a kafa ya kama, irin su dashi da ceɗiya da durumi da aguwa, shi ya sa su ne dangar garka tun fil azal. Akwai kuma masu taurin ƙwaya, kamar guntsun kuka da 'ya'yan gawo da bagaruwa, waɗanda ba su tsira da wuri sai sun bi ta cikin dabba, ko an jiƙa su a ruwan zafi, ko an kankare ɓawonsu.

Na huɗu, ƙarfin ƙasa. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya tofo da rani, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ga taki a gindinsa. A saiwarsa, da saiwar wake da gujiya, akwai 'yan ƙulli inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo sinadarin da tsiro ke bukata daga iska su sa a ƙasa. Manomi bai ga ƙwayoyin da idonsa ba, amma ya ga bambancin geron gindin gawo da na fili, ya hana a sare shi.

Abin lura a nan shi ne, a wannan ilmi babu katanga tsakanin abin da aka shuka da abin da ya fito da kansa. Lalo da gasaya da tafasa da yaɗiya sukan tsiro ba wanda ya shuka su, mai noma ya gan su ya kauce musu da fartanya. In sun yi wuya a daji, sai a ɗebo irinsu a watsa a bayan ɗaki. Ta wannan ƙofa ce tsiron daji ke zama tsiron gida, kuma ita ce ƙofar da tarihi ya yi ta buɗewa yana rufewa.

5.0 Ƙarni na 19: Garka a Cikin Ganuwa

Wannan yanki tsohon mazauni ne. A ƙasar Zurmi Dutsi yake, inda tarihin baka ya ce nan sarakunan Zamfara suka fara zama. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara, suka gina Alƙalawa. Da jihadi ya tashi a 1804, Fulani Alibawa suka taka rawa babba: Abu Hamidu ya zauna a Zurmi, Namoda kuma, wanda garin Ƙaura ke ɗauke da sunansa, yana cikin jarumawan da suka ci Alƙalawa a 1808.

Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka zauna a Tsibiri. Ta haka arewacin Zamfara ya zama bakin daga na tsawon shekaru masu yawa. Hugh Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824 a tafiyarsa tsakanin Kano da Sakkwato. Heinrich Barth ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853, kuma da ayarinsu ya zo ƙetare dajin Gundumi sai da suka yi tafiyar wajen awa 26 ba su yada zango ba, don tsoron harin Gobirawa. In ayari mai bindigogi ya yi haka, to ina ga mace mai neman ganyen miya?

Maganin da mutanen wancan zamani suka yi wa wannan hali shi ne ganuwa. Al'adar ginin birni a ƙasar Hausa ita ce a zagaye gidaje tare da fili da rijiyoyi da kududdufai, yadda ko an tsare ƙofa za a sami abin kai wa baka. Ana barin kuka da tsamiya da kurna da durumi a cikin gari, ana gadon su kamar yadda ake gadon gona. Har gobe in matafiyi ya hangi kukoki sun yi cincirindo a fili, ya san kufai ne, domin kuka tana bin mutum, takan kuma daɗe bayan ya tashi. A cikin gidaje kuwa ga sure da rama da guro a bayan ɗaki, ga duma ya hau danga, ga lalle a gefen rijiya, ga 'yar kaɗa ta zare. Abin da garka ta bayar da kaka akan yanka, a shanya, a daka, a adana a tulu ko ƙwarya, ya kai gida har wata damina.

Shugabannin daular ma ba su raina wannan fanni ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, kuma a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ya ɗora wa mai mulki nauyin kula da manoma da masu sana'a. Masu sana'ar kuwa da tsiro suke aiki: majemi da bagaruwa, marini da baba, magini da makuba, mai daddawa da kalwa, masaƙi da kaɗa.

6.0 Zamanin Turawa: Jirgi da Gandun Daji da Kulle

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, hare-hare suka kwanta, mutane suka fita daga ganuwa suka kafa ƙauyuka da tungaye. Daji ya buɗe. Amma abubuwa huɗu suka biyo baya waɗanda suka sake fasalin garka.

Na farko shi ne jirgin ƙasa. Hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Gusau ta iso Ƙauran Namoda a 1929, nan ta tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kamfanoni suka kafa kantuna, haraji kuma ya tilasta wa talaka neman kuɗin hannu. Audugar Amurka da ake kira Allen, wadda aka fara rabawa a Arewa daga 1912, ta ture irin gida. Yadin kanti ya rage wa zaren gida kasuwa, saboda haka kaɗa da baba suka fara ficewa daga bayan ɗaki.

Na biyu shi ne dokar daji. Dokokin 1916 da 1937 sun ba hukuma ikon keɓe gandun daji, En'e kuma ta sa malaman daji su tsare. A gabashin wannan yanki aka keɓe babban gandun dajin Zamfara, wanda ya bar 'yan ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle a tsakiyarsa kamar tsibirai. Dokar ta kare wasu itatuwa daga gatari, wannan gaskiya ne. Amma ta kuma sa talaka ya fara ɗaukar itace a matsayin kayan hukuma, abin da ke jawo tara. Mutumin da ke tsoron kada a kama shi a kan itacen da ke gonarsa ba zai yi ɗokin renon wani ba.

Na uku shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira darbejiya. Asalinsa Indiya ne, an fara dasa shi a Borno a 1928, daga baya ya bazu a Lardin Sakkwato ta hannun ma'aikatan daji. Yana da saurin girma, ba ya jin fari, awaki ba su cika damunsa ba. Cikin 'yan shekaru ya karɓe bakin hanya da kasuwa da ƙofar gida, wuraren da a da ceɗiya da durumi ke tsaye. Ya ba da inuwa da itacen girki da magani, amma ba a miya da shi, kuma abin da aka shuka a gindinsa ba ya yin kirki.

Na huɗu shi ne yaɗuwar kulle a karkara, wanda masu nazari irin su M. G. Smith da Polly Hill suka lura da shi a wasu sassan ƙasar Hausa bayan mutuwar bauta. Macen da ta daina fita gona ba ta daina bukatar kayan miya ba. Ta dogara ga abu biyu: tsofaffi da yara masu zuwa daji su ɗebo mata, da kuma garkarta. A nan ne garka ta zama ta mace sosai, ta zama jarinta, domin daga cikinta take yin kwaɗon rama da dambu da zoɓo, ta ɗora wa yarinya talla. A nan ne kuma ilmin ya koma bin layin mata, daga kaka zuwa jika.

Yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, da waɗanda suka biyo bayanta, sun tuna wa jama'a darajar tsirran gado. In rumbu ya ƙare, abin da ke riƙe rai shi ne tafasa da yaɗiya da ganyen aduwa da garin ɗorawa da muruci da goruba. Gidan da ya san su, ya kuma san yadda ake cire musu ɗaci, ya fi kusa da ganin kaka.

7.0 Daga Farin 1973 zuwa Yau

Farin da ya kai maƙura a 1973, da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1984, sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a arewacin Lardin Sakkwato na da. A 1975 cutar da kwarkwatar ganye ke yaɗawa ta halaka gyaɗa a Arewa, kasuwar da ta raya tashar Ƙaura ta durƙushe. Gwamnati ta amsa da manyan shirye-shirye: aikin raya noma na Gusau da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, da shirin ciyar da ƙasa na 1976, da na juyin noma na 1980. Shirin 1976 ya yi kira ga kowane gida da kowace makaranta su yi ɗan lambu, amma hankalin malaman gona yana kan takin zamani da ingantaccen iri da masara. Gasaya da karkashi ba su cikin lissafi.

A cikin gida ma abubuwa sun sauya. Jama'a ta yawaita, gado ya rarraba gidaje, filin bayan ɗaki ya zama ɗaki. Bulo ya maye gurbin danga, ga shi kuwa duma ba ya hawan siminti kamar yadda yake hawan kara. Roba da kwano sun kori ƙwarya, ɗanɗanon kanti ya rage wa daddawa daraja, injin ban-ruwa ya cika kasuwa da tumatir da attarugu. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, matan gari da yawa sun riga sun koma sayen abin da iyayensu ke tsinka a bayan ɗaki.

Duk wannan da sauƙi muddin hanya a buɗe take, daji kuma yana shiguwa. To, daga wajen 2011 ta'addancin 'yan bindiga ya mamaye karkarar Zamfara, kuma Zurmi da Shinkafi da Ƙauran Namoda suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Dazuzzukan da aka keɓe don amfanin jama'a sun zama maɓoya. Ƙauyuka sun watse, mutanensu sun tattaru a manyan garuruwa. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako da layukan waya sai da hukuma ta rufe na wani lokaci. Tsohuwar da ke fita da sassafe ta ɗebo kalwa ko ganyen kuka ko saiwar magani, yanzu ranta take sayarwa in ta fita.

Ke nan an koma halin da Barth ya tarar a 1853, amma da bambanci babba. Mutanen wancan ƙarni sun shiga ganuwa da filinsu da itatuwansu da iliminsu. Ɗan gudun hijira na yau ya shigo gari hannu rabbana, ya sauka a kangon wani ko a ajin makaranta, ya bar kukar kakansa a kufai. Irin da matarsa ke ajiyewa a ƙullin tsumma, wanda aka yi shekaru ana zaɓensa don ya dace da ƙasarsu, in ya ƙone tare da rumbu ba a sayo shi a kanti.

Asarar ba ta tsaya ga iri ba. Na taɓa shiga aji da rassan itatuwa na ce ɗalibaina, waɗanda gobe su ne malaman firamare, su faɗi sunayensu. Ba wanda ya kasa gane mangwaro da dogon yaro. Da aka zo kan ɗinya da kanya da tsada sai aji ya yi tsit, in ban da 'yan ƙalilan da suka tashi a ƙauye. Wanda bai san sunan itace ba, ba zai ji zafin sare shi ba, ba kuwa zai koya wa yaro abin da bai sani ba.

8.0 Abin da Ya Kyautu a Yi

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A ƙasar Maraɗi, maƙwabciyarmu ta arewa, daga 1983 aka fara ƙarfafa wa manoma gwiwa su daina tumɓuke kututturan da ke tofowa a gonakinsu, su zaɓi reshe ɗaya ko biyu su rena. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, yana cikin waɗanda suka assasa aikin, manoma kuma suka raɗa masa suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Abin da ya ba aikin ƙarfi shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. A yankin Segu na ƙasar Mali kuma an gwada shuka kuka a fangali kamar alayyafo, ana tsinkar ɗanyen ganyenta tun tana ƙarama. Wannan dabara ta dace ƙwarai da gidan da ba shi da fili da macen da ba ta iya zuwa daji.

Bisa ga wannan, ina ba da shawara uku. Ta ɗaya, kwalejojin horon malamai da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, su keɓe fili su tara tsirran gado, kowanne da allo mai ɗauke da sunansa na Zamfarci da na daidaitacciyar Hausa da na masana. Ta biyu, sassan Hausa da na kimiyyar halittu su haɗa hannu su tura ɗalibai wurin tsofaffin matan da hijira ta kawo gari, a rubuta sunaye da hanyoyin sarrafawa, a karɓi iri a ninka shi a mayar musu, a kuma rubuta sunan kowace mai ba da bayani in ta yarda, kada a maimaita abin da ya faru a zamanin Dalziel. Ta uku, hukumomin da ke raba dashe, har da masu aikin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Zamfara ke cikin jihohinsa, su sanya kuka da ɗinya da kanya da tsamiya da aduwa a sahun gaba, su kuma miƙa su ga mata a cikin gidaje, inda akwai danga da ruwan wanke-wanke da idon mai kula.

9.0 Kammalawa

Mun ga yadda garka ta tara 'yan gida da baƙi, da yadda masu ita suka san dangin tsiro da jinsinsa da hanyar yaɗonsa tun kafin a rubuta musu. Mun ga ta riƙe jama'a a cikin ganuwa a ƙarni na 19, ta koma hannun mata a zamanin Turawa, ta ƙanƙance bayan 1973, sa'an nan aka wayi gari ana bukatarta fiye da kowane lokaci. Maido da zaman lafiya a daji nauyi ne na hukuma, kuma garka ba za ta ɗauke mata shi ba. Amma ranar da mutanen Zurmi da Shinkafi da Ƙaura za su koma kufansu, za su bukaci iri da dashe da wanda ya san sunansu. Wannan kuwa aiki ne da malami da ɗalibi da uwargida za su iya farawa a daminar bana, da ƙullin gurguzu da rabin bokitin ruwa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to sai a adana ta tun ba ta ƙare ba.